Gayyar Kwamfutar Yaya Ubale

To ai kafin Goggo Kulu ta gama gyara zama a kan benci, sai gilashin kwamfutar ya sake yin shuɗi. Shuɗi fa irin na bula, da wasu rubuce-rubucen Turanci farare kamar an watsa wa kaji tsaba. Karo na uku ke nan tun safe.

"Me kuma ya same ta?" in ji Goggo.

Yaya Ubale ko gezau. Ya gyara karin hularsa, ya ɗan bubbuga kan kwamfutar kamar mai lallashin jaki. "Hutawa take, Goggo. Injin Turai haka yake, yana da lokacin hutunsa."

"Tun hantsi take hutawa. Me ta noma?"

Baturiya mai ƙosai, wadda rumfarta ke manne da shagonmu, ta leƙo da matsami a hannu. "Goggo, ki bar ta. Halin mai gidanta ta ɗauko."

Bari dai in koma baya kaɗan, na san ba kowa ne ɗan Kwanar Dangora ba. Ni sunana Safara'u. Ubale yayana ne, ciki ɗaya. Bara ya sayar da babur ɗinsa ya tafi Kano, ya yi sati biyu cif a shagon wani mai sayar da kwamfutoci 'yan gwanjo, ya dawo da kwamfuta ɗaya da firinta da ɗan janareta, da kuma sabon suna. Ya kama shago a bakin titi, tsakanin Baturiya da Ɗanmaraya mai faci, ya sa aka rubuta masa allo: INJINIYA UBALE KWAMFUTA SANTA, rassa a Kano da Zariya da Jos. In ka tambaye shi ina rassan, sai ya nuna maka titi, ya ce ai ga hanyoyin nan, duk daga ƙofarsa suka tashi.

Da yatsa ɗaya yake bugawa. Harafi guda sai ya yi ta kewaya shi kamar shaho. Ni kuwa in ya tafi hira tasha nakan zauna in yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule, da haka da haka hannuna ya faɗa. Shi dai har gobe cewa yake shi ya koya min.

To bikina ne ya taso. Sunan angon kada ma ku jira, ba za ku ji shi daga bakina ba. Mutumin Yako ne dai, gidansu ga shanu ga gona. An sa rana kafin azumi, kun san yadda ake rige-rigen ɗaura aure a Sha'aban. Yaya ya buga ƙirji a gaban kowa, ya ce katin bikin ƙanwarsa ba za a rubuta sunan kowa da biro ba. Kowane kati zai fito da sunan mai shi a buge, irin wanda ko a Kano sai gidan manya.

Sunayen kuwa a kan mutum ɗaya suke a duniya, Goggo Kulu, yayar babanmu. Ita ta san wa ke gaba da wa, wa ya sha nonon wa, wa za a fara kai wa goro kafin wa. Kada ku ɗauka wasa ne. A bikin yayarmu an kai wa wani kawunmu na Ba'awa goro bayan an kai wa ƙaninsa, shekara shida ba ya taka gidanmu. Kwana uku Goggo ta yi tana zuwa shago tana faɗa, ina rubutawa a takarda, ina bugawa. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, kowa a gurbinsa. Da ta gama ta karkaɗe zaninta ta ce, "Na faɗa sau ɗaya. Wallahi ba zan maimaita wa inji ba."

Washegari na zo neman takardun, babu.

"Yaya, ina takardun Goggo?"

"Na ba Baturiya ta naɗe ƙosai."

"Ƙosai?"

"Ke, takarda ta zama tarihi. Abin da ya shiga cikin nan," ya shafa kwamfutar, "ko gobara ba ta fitar da shi."

Ana nan sai ogansa na Kano ya aiko masa da saƙo. Wai da an shiga shekarar dubu biyu duk kwamfutocin duniya za su haukace, sai wadda aka sa wa sabon gyara daga kamfanin da ya yi furogiram ɗin da ke tuƙa ta. Na ce, "Yaya, mu buga katin tukuna mana, dubu biyun ai da saura." Ya ce in yi shiru, ba a gyaran rufi sai kafin ruwa. Ya hau mota ya je ya karɓo gyaran a wasu 'yan faifai guda uku da ake kira disket, ya zura su ɗaya bayan ɗaya yana bismillah.

Lafiyayyar kwamfuta fa. Tana gama haɗiye gyaran sai ta ce ba ta san firinta ba. Firintar da suka shekara tare a kan tebur ɗaya! Da aka matsa mata sai ta fara aman takarda, shafi talatin, ba komai a kai sai wasu 'yan akwatuna da 'yan fuskoki masu murmushi.

"Yarenta ne," in ji Yaya. "Gaisuwa take."

"To ka amsa mata mana," in ji Ɗanmaraya daga bakin tayarsa.

Ya koma Kano. Oga ya ce ai an sani, kamfani ya fitar da gyaran gyaran. Ya kawo ya sa. Firinta ta dawo, amma agogon kwamfutar ya koma shekarar alif ɗari tara cif, kuma da ka taɓa sunayen Goggo sai ta mutu ta sake tashi.

"Alif ɗari tara?" in ji Baturiya. "Ashe shi ya sa ba ta jin Turancinka. Turawan ba su iso Kano ba tukuna."

Ya sake komawa. Har kwandastoci sun gane shi, da ya doso tasha sai ka ji, "Injiniya, za a je karɓo wa mara lafiya magani? Ya jikin nata?" Gyara na uku shi ne ya kawo shuɗin nan da Goggo ta tarar. Da ya koma karo na huɗu, oga ya ce sai dai a jira na huɗu, kuma babu mai ikon buɗe cikin furogiram ɗin ya ga abin da ya lalace, kamfani ne kaɗai.

Ranar Yaya ya dawo idonsa ja. "Ka sayi akuya da kuɗinka, a ce ba ka da ikon duba bakinta? Sai dai ka jira mai ita na da ya zo ya ba ta abin da zai ƙara mata zawo?"

Saura kwana uku ranar kasuwa, kuma ita ce ranar da dole kati da goro su fita, don ranar ce ake samun mutanen Yako da Ba'awa da Kiru da Bebeji, da direbobin Tudun Wada da Doguwa masu kai wa na nesa. In ta wuce, sai dai a ɗaura aure dangi na jin labari a bakin 'yan talla.

Sai ga Malam Sale, maƙwabcinmu, malamin lissafi a sakandare, wanda ya yi karatu a Zariya. Ya ji ƙorafin Yaya har ƙarshe, sannan ya zaro wani faifai mai walƙiya daga jakarsa.

"Ubale, akwai wani furogiram ɗin. Wannan ba na kamfani ba ne, kuma kyauta ne."

"Kyauta? To me ya lalace a jikinsa?"

"Ba abin da ya lalace. Ka san gayya? To haka aka yi shi. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya zo da fartanyarsa ya yi ɗan abin da zai iya. Cikinsa a buɗe yake, wanda duk ya ga ɓaraka yana da ikon ya ɗinke, ba sai an jira wani ba."

Na ga idon Yaya ya fara ƙyalli. Na san wannan ƙyallin. Shi ya yi ranar da ya sayar da babur.

"Amma ka ji ni da kyau," in ji Malam Sale. "An tura ni Tudun Wada tsaron jarrabawa, sai ranar kasuwa da la'asar zan dawo. Kada ka sa shi sai na zo. Sai na fara ciro muku sunayen nan tukuna, akwai yadda ake yi. Ka ji?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Gayya."

"Ubale!"

"Na ji mana, Malam. Sai ka dawo."

Kuskuren Malam Sale ɗaya ne, da ya bar faifan a shago.

Ko kwana ba a yi ba Yaya ya bi direbobi ɗaya ɗaya yana ba su saƙo: a faɗa a ko'ina, Injiniya Ubale ya kira gayya ranar kasuwa. Zai saki kamfanin Turawa saki uku a bainar jama'a, ya ɗaura wa kwamfutarsa aure da na gayya. Ya ce abin da aka yi da gayya ai ba a sa shi a ɓoye, mutum ɗaya a ɗaki kamar ɓarawo. Ya sa Baturiya ta dama kunu tukunya biyu. Ya aika aka ɗauko mai gangar noma da sanƙiransa daga Ba'awa.

Na ce, "Yaya, Malam ya ce a jira shi."

"Malam lissafi ya sani. An taɓa jiran mutum ɗaya a gayya?"

Ranar kasuwa tun da hantsi ganga ta fara. Kun san gangar noma, ko kana sallamar ciniki sai ƙafarka ta motsa. Kafin ka ce me, gaban shago ya cika ya batse har motoci na ratsewa. Wasu samari daga Ba'awa suka iso da lauje da magirbi a kafaɗa, don kaka ce, sun zaci dawa za a girbe.

"Ina gonar?" in ji babbansu.

Yaya ya nuna kwamfutar, wadda ya fito da ita ya ɗora a kan tebur a bakin ƙofa, ya lulluɓe da sabon zanin Innarmu.

"Wannan? Mu goma sha biyu muka taso da sassafe!"

"Ku zauna ku sha kunu. Noman zamani za ku gani."

Ni ina cikin shago bayan labule, don wa zan gani a sahun gaba? Baffa, mahaifin shi wancan ɗin, angon, da ƙannensa biyu, sun zo sayar da bijimi sun ji ganga. Aka ba su benci daf da tebur, taku uku tsakanina da su. Amarya kuwa saura kwana tara, ai ko tari ba na yi ba a gaban surukai. Ta gefen labule dai ina hango gilashin sarai.

Yaya ya yaye zanin, ya yi jawabi mai tsawo, ya ɗaga disket ukun nan ya ce, "Na sake ki, na sake ki, na sake ki," yana jefa su ɗaya ɗaya a kwata. Jama'a suka yi shewa. Sannan ya ce kowa ya san dokar gayya, wanda ya zo ba a hana shi sa hannu. Duk mai wata fasaha ya matso.

Ɗanmaraya ya fara. Ya jawo bututun iskar da yake hura taya. "Datti ne ya toshe ta, bari in hure." Ya saita a kan maɓallan rubutu ya sake. Fuuu! Sai ga maɓallai na tashi sama kamar gugguru. Mutane suka bi su da gudu. An samo duka ban da guda ɗaya, wanda ya faɗa tukunyar kunu. Wani bawan Allah daga Doguwa ne ya tsince shi a bakinsa, ya tofo a tafin hannu ya ce, "Wannan kunun da ƙashi aka dama?"

Tela ya ɗiga man keke a farfelar baya. Mai gyaran rediyo ya kara kunne a jikinta ya ce batirinta ne ya yi sanyi, aka ce masa ba ta da batir, ya ce to shi ne matsalar. Wanzami ya matso da zabirarsa, ya kalli kwamfutar sama da ƙasa.

"Shuɗi kuka ce tana yi? Mataccen jini ne. Ƙaho biyu ya ishe ta."

"A'a, Sarkin Aska, ai..."

"Kai ka ce ba a hana kowa."

Haka aka kafa mata ƙaho a haƙarƙari. Ya ƙi kamawa, wanzami ya ce taurin fata gare ta irin na masu ita.

Daga nan Yaya ya zura faifan. Kuma abin mamaki, sai ta karɓa. Gilashi ya yi baƙi, rubutu ya fara gudu, sai ta tsaya ta yi tambaya da Turanci.

"Me ta ce?" jama'a suka tambaya.

Yaya ya ƙura ido, ya motsa leɓe. "Tana yi wa manyan baƙi sannu da zuwa." Ya danna.

Baffa ya ɗaga hannu. "Muna amsawa."

Mai ganga ya ga wuri ya yi wuri, sai ya sauya kiɗa ya koma taken Yaya. Sanƙira ya ware murya: "Ubale na Kulu, gagara gasa! Mai noma da yatsa ɗaya ya bar masu garma a baya! Injiniya ko Bature ya gan ka ya cire hula!"

Ai shi ke nan. Kun taɓa ganin manomi in an kaɗa takensa? Haka Yaya ya zama. Tambaya na fitowa yana dannawa, ko karantawa ba ya yi, kafaɗa na rawa, gumi na zuba, yana bin ganga da yatsa. Tim, danna. Tim tim, danna.

Sai wata tambaya ta fito cikin jan akwati. Ni aji uku na yi a sakandare, amma wannan kam na karanta ta tsaf. Cewa take za ta goge duk abin da ke cikin kwamfutar, an yarda?

"Yaya!" na yi raɗa. "Yaya Ubale!"

Ya karkato kunne wajen labule yana ci gaba da rawa.

"Cewa ta yi za ta goge komai. Komai fa! Da sunayen Goggo!"

"Ke ba ki san Turancin inji ba." Ya juya ga jama'a, ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya. "Jama'a! Ta yi tambaya irin ta manoma. Ta ce kafin ta shuka sabon iri, a share gona ko kada a share?"

"A share!" in ji samarin Ba'awa. Abin da suka gane ke nan tun safe.

"Wa ya taɓa shuka a kan kututture?" in ji wani tsoho.

"A share! A share!"

"To," in ji Yaya, "a gayya saran farko na babba ne. Goggo, bismillah."

"Ni? Rabu da ni, ba na taɓa kayan aljanu."

"Haba Goggo, ga surukanki na kallo. Nan kawai za ki dangwala."

Wallahi na buɗe baki zan yi ihu. Sai Baffa ya juyo ya gyara rawaninsa, idonsa ya sauka a kan labulen. Na cusa gefen mayafi a baki, ina kallo Goggo ta miƙe a hankali, ta goge babban yatsanta a zani kamar za ta dangwala ƙuri'a, ta danna.

Ganga ta ɓarke. Aka yi ta shan kunu, rubutu na ta gudu a gilashi har aka yi azahar aka dawo. Can sai kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, ba shuɗi, ba komai. A saman gilashin sai ga hoton wani tsuntsu mai tumbi, baƙi da fari, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Agwagwa ce!"

"Wace irin agwagwa ce za ta zauna kamar mai unguwa?"

"Ko ma mece ce, ta ƙoshi," in ji Baturiya. "Ba a shagon nan ta ci ba."

Samari suka ɗaga Yaya sama suka zagaya da shi rumfar faci sau biyu. Hularsa ta faɗi, ko waiwaye. Da aka sauke shi Goggo ta buga sandarta a ƙasa.

"To, an yi rawa. A fito min da mutanena. Ga goro nan ya fara bushewa."

"Yanzu kuwa, Goggo."

Ya danna nan. Ya danna can. Ya leƙa bayan kwamfutar. Ya ɗaga firinta ya duba ƙarƙashinta, ni dai ban san me yake tsammanin gani ba.

"Sun ɗan fita ne," ya ce. "Sabon gida, ba su saba ba."

Daidai nan motar Tudun Wada ta tsaya, Malam Sale ya sauko da jakarsa. Ya ga taro, ya ga ganga, ya ga ƙaho a ƙasa, ya ga tsuntsu. Ya dafe kai.

"Ubale. Da ta tambaye ka a jan akwati, me ka ce mata?"

"Ba ni na ce ba, jama'a ne. Gona muka share."

"Ka ciri sunayen kafin nan?"

Yaya ya girgiza kai.

"Ka share gona," in ji Malam Sale, "da dawar a tsaye, ba a girbe ba. Babu ko zangarniya ɗaya. Furogiram ɗin lafiyarsa lau, ya tambaye ka, ka ce masa i."

"Ba ni na danna ba," in ji Yaya da 'yar ƙaramar murya. "Goggo ce."

Kai! Da ma bai faɗa ba. Goggo ta kalli babban yatsanta, ta kalle shi. Mutanen da ke kusa da shi suka ja da baya, don sandar tana da tsawo.

"To a ɗauko takardun mana," in ji Malam Sale da sauri.

Baturiya ta kwashe da dariya har tana riƙe ƙugu. "Takardu? Malam, ai danginsu tuni suka bi ƙosai. Wasu suna Zariya, wasu sun kai Jos. Ka ga rassan nasa sun yi amfani."

Wani kwandasta ya laluba aljihu ya zaro wata dunƙulalliyar takarda, mai ya jiƙa ta sharkaf. "Ga wasu nan! Akwai Malam wane na Kiru, sunan ya narke. Sai Tani, sai yaji."

Sanƙira kuwa, da ma irinsu ba su da aboki, nan take ya juya baki: "Ubale na Kulu, mai ƙone rumbu don ya kori gara! Injiniya, Bature ya gan ka ya mai da hularsa!" Samarin da suka ɗaga shi ɗazu su ne suka fi kowa amshi.

Ni kam hawaye ya zo min. La'asar ta yi, nan da awa ɗaya kasuwa za ta watse, ga goro, babu kati, babu suna, ga rantsuwar Goggo.

Sai na ji Baffa ya yi gyaran murya. "Hajja Kulu, in ba ki ƙi tawa ba. Ki dubi wurin nan da kyau. Wa kike nema da ba ya nan?"

Goggo ta juya ta bi taron da kallo a hankali. Ga kawunmu na Ba'awa da kofin kunu. Ga ƙaninsa can nesa da shi. Ga su Laraba na Bebeji, ga mutanen Yako reras. Gangar Yaya ta kwaso kusan kowa.

"Na rantse ba zan maimaita wa inji ba," ta ce. "Ban rantse ba zan faɗa wa mutane ba. Kai mai baki, zo nan. Abin da na faɗa shi za ka faɗa, in ka ƙara gishiri ka sha sanda."

Ta zauna ta jawo huhun goro gabanta. Ta fara, daga kawunmu na Ba'awa. Sanƙira ya ɗaga, ganga ta amsa, kawu ya taso yana baza riga ya karɓi goronsa a gaban kowa, kafin ƙaninsa. Wanda ba ya nan, direban garinsu ya karɓa masa. Malam Sale ya lallaɓo ya buɗe min wajen rubutu a sabon furogiram ɗin, ya turo min maɓallan ta ƙarƙashin labule. Goggo na faɗa, sanƙira na shela, ina bugawa. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kwamfutar ma haka. Kafin magariba an gama.

Na duba ƙasan jerin sunayen na ga ɗari biyu da goma sha uku.

Na raɗa wa Baturiya, ta faɗa da ƙarfi: "Goggo, wai saura ɗaya!"

"Ba saura."

Yaya, wanda tun ɗazu yake raɓe a bayan tayoyin Ɗanmaraya, ya leƙo. "Goggo, ni ban ji nawa ba."

"Kai? Ai kana cikin gonar da aka share. Ni na danna, ba kai ka faɗa ba?"

Yau kwana uku ke nan. Malam Sale ya daidaita firinta, katunan sun fito tas, kowanne da sunan mai shi, direbobi sun bi mutane da su. Tsuntsun nan bai taɓa yi min shuɗi ba, a kansa ma nake buga muku wannan. Yaya kuwa yana tasha yana ba da labari wai da ma dabara ce, shi ya shirya komai don a tara dangi wuri ɗaya, kuma har ya sa a ƙara a allonsa: MASANIN NA GAYYA.

Amma kati ɗaya ya rage fari fat a cikin kwali. Goggo ta ce duk wanda ya buga sunan Ubale a kai, da ita yake. Shi kuma tun safe yake shigowa yana fita, yana min sannu da aiki, har rake ya sayo min. Ɗazu ya sunkuyo ya ce in buga masa a hankali ba wanda zai sani, kuma in sa Injiniya a gaba, da manyan baƙaƙe. Da ya sunkuyo ɗin ne na hango wani sabon disket a aljihun rigarsa. Wai ogansa ne ya aiko, gyara na huɗu ya iso, yana so ya ɗan gwada ya gani ko sun shiryu.

Ga katin a firinta, ga yatsana a kan maɓalli, ga Goggo can ta taho da sandarta. Ku da ku ne, za ku buga masa?